Gejin Man Tarakta: Abin da Ake Aunawa Kafin a Aika Dubai

Babu gona a Bur Dubai. Tsohuwar unguwa ce a bakin mashigin ruwan da ya raba birnin gida biyu, ita a wannan gaɓa, Deira a waccan. Abin da ya cika ta shi ne shagunan yadi, da kantunan kayan lantarki, da otal-otal, da ofisoshin 'yan kasuwar Indiya da Pakistan. Duk da haka zancen tarakta yana yawan faɗowa a can, domin Dubai ta daɗe da zama zangon da kayan ƙarfe ke yada zango kafin su wuce Afirka. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Port Rashid, da ke maƙwabtaka da unguwar, a 1972, ta Jebel Ali kuma ta biyo baya a 1979. Ɗan kasuwar Kano da ya sauka a Bur Dubai yakan biya dirhami ɗaya ya hau abra, ƙaramin jirgin katako mai ɗaukar mutum ashirin, ya tsallaka Deira inda shagunan kayan gyaran mota suka taru, ko ya wuce Sharjah inda ake jibge na hannu.

A irin wannan tafiya ce saƙon murya kan shigo masa daga gida, daga Kura ko Kadawa: "Yaya, gejin man tantan ɗin nan ya mutu. In ka ga sabo ka taho mana da shi." Mai aiko saƙon yana ganin ya faɗi komai. Sai dai abin da yake kira geji abubuwa biyar ne da ke aiki tare: wutar da ke fitowa daga makulli, da agogon da ke gaban direba, da wayar da ta tashi daga agogon zuwa tanki, da na'urar da ke cikin tankin wadda kanikawa ke kira fulota, sai kuma hanyar da wutar ke bi ta jikin ƙarfe ta koma batir. Ko wanne daga cikinsu ya samu matsala, allura ce za ta nuna, kuma ita za a zarga. Agogon nan da ake son a sayo, sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Da farko dai, me ya sa ƙaramin abu irin wannan ya isa a aika saƙo har ƙetaren teku? Tarakta tana huɗa ko da geji ko babu. Ƙaramar Ferguson mai launin toka da aka fara ƙerawa a Coventry ta Ingila a 1946 ba ta da gejin mai. Direba murfi yake buɗewa ya leƙa. Dalilin damuwar yana cikin halin injin gas, wato dizal, wanda mutanen Nijar ke kira gazuwal. Injin fetur tartsatsin fulogi ke kunna shi. Na gas kuwa iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Kafin man ya fesu sai injekta ta tura shi da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da muke shaƙa fiye da sau ɗari, ya buɗe bakin nozul da ƙarfin tsiya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa turin ke isa inda aka aika shi. Iska kuwa matsuwa take kamar soso. Da zarar tanki ya ƙafe, bututu ya zuƙi iska, injekta sai ta yi ta turi a banza, nozul ya ƙi buɗewa. Ko an zuba jarka biyu a lokacin, inji ba zai tashi ba sai an fitar da iskar: a sassauta sukurun da ke kan filta, a yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ya ƙare, a koma kan injekta a yi haka, wani lokaci a sassauta bututun nozul ana juya inji har mai ya tsarto. A tsakiyar gona, da batirin da ya riga ya gaji, wannan aiki yana iya cinye rabin yini.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Injektar CAV mai juyawa, wadda ke kan injinan Perkins da yawa, da man da ke ratsa ta take samun santsi. In ya yanke, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Sannan abin da ke kwance a gindin tanki, ruwa da tsatsa da laka, shi ne famfo ke zuƙa a ƙarshe. Ga kuma zancen amana tsakanin mai tarakta da direbansa, tun da litar gas ta haura naira dubu. A farkon damina, lokacin da kowa ke layi a yi masa huɗa kafin laima ta gudu, allurar da ba ta faɗin gaskiya tana jawo asarar yini da kuma ɓacin rai.

To, yaya abin yake aiki?

A cikin tanki akwai ɗan abu mara nauyi, na roba ko na tagulla mai fanko a ciki, da ke yawo a saman mai kamar goran masunta a kan kogi. An ɗaure shi a bakin siririn ƙarfe mai lilo. Ɗaya bakin ƙarfen yana riƙe da ɗan harshe da ke goga wani faifai da aka naɗe da siririyar waya, ko aka zana masa layukan ƙarfe. Mai ya ƙaru, gora ya tashi, harshe ya matsa gefe guda. Mai ya ragu, gora ya sauka, harshe ya koma ɗaya gefen. Amfanin faifan shi ne ya rage wa wuta gudu. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin magudanar ruwan Kadawa ya ga yadda ake ɗaga ƙofar ƙarfe ruwa ya kwararo, a sauke ta ya koma zirara, ya riga ya fahimci rabin zancen. Wannan tsaiko da abu ke yi wa wutar lantarki za mu kira shi turjiya. Ana auna ta da ma'aunin da ake kira om, sunan Georg Simon Ohm, Bajamushen malamin lissafi da ya bayyana dokarta a 1827: in turjiya ta yi yawa wuta kaɗan ke wucewa, in ta ragu wutar ta ƙaru. Aikin fulota ke nan gaba ɗaya. Tana mayar da tsayin mai ya zama adadin om.

Agogon gaban direba kuwa bai taɓa ganin mai ba. Wutar da ke ratsa shi zuwa tanki kawai yake ji, ya fassara ta da allura. Irinsa biyu ne a tsofaffin taraktoci. Na farko yana da siririn falle da aka manna ƙarfe iri biyu a cikinsa, aka naɗe shi da waya mai ɗumi. Wuta ta ratsa, fallen ya yi zafi, ƙarfe ɗaya ya fi ɗan'uwansa miƙewa, sai fallen ya lanƙwashe ya ja allura. Ana gane shi da sanyin jiki: an murɗa makulli, allura ta tashi a hankali kamar mai jin barci. Na biyu yana da ƙulli biyu na waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, kowanne yana jan allura zuwa ɓangarensa. Ƙarfin ɗaya a tsaye yake, na ɗayan yana canzawa da turjiyar tanki, allura kuma ta tsaya inda jan ya daidaita. Wannan da an murɗa makulli yake zabura. Sanin wanne ne a gabanka yana da amfani wajen gwaji, kamar yadda za mu gani.

Yanzu ga wurin da ya fi rikita mutane, kuma shi ne dalilin da ya sa sayayya daga nesa ke yawan ɓaci. Masu ƙera waɗannan kaya ba su taɓa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya ba. A tsarin da ya yaɗu daga Amurka, fulota tana ba da om 240 in tanki fanko ne, om 33 in ya cika. A tsarin Turai, wanda aka fi sani da kayan kamfanin VDO na Jamus, om 10 ne fanko, om 180 ne cike. Motocin General Motors sun daɗe suna amfani da 0 zuwa 90, tsofaffin Ford kuma 73 zuwa 10. A lura da kyau: a tsari na farko da na huɗu turjiya raguwa take yayin da mai ke ƙaruwa, a na biyu da na uku kuwa ƙaruwa take. Kamar a auna hatsi da tiya ne a ba wanda ke lissafi da mudu, sai dai a nan abin ya wuce haka, domin wani ma juyawa yake yi gaba ɗaya. Fulotar Amurka da agogon Turai in aka haɗa su, tanki ya cika allura ta kwanta kusa da E, alamar fanko, ya ƙafe ta haye F, alamar cika.

Wani abu kuma da ke ɓoye wannan kuskure shi ne, a daidai rabin tanki duka tsarin biyun nan suna ba da abin da ya kusa om 100. Bakanike zai iya ɗaura fulotar da ba ta dace ba, ya murɗa makulli, ya ga allura ta tsaya a tsakiya, ya leƙa tanki ya ga rabi ne, ya karɓi kuɗinsa da zuciya ɗaya. Sai bayan kwana biyu direba ya ga yana ta huɗa allura tana ta hawa.

A ƙasarmu wannan rikici yana da sauƙin faruwa saboda yadda taraktocinmu suka taru. Kamfanin Steyr ya haɗa taraktocin Ostiriya a Bauchi, NTM ya haɗa na Fiat na Italiya a Kano. Jajayen Massey Ferguson sun zo daga Ingila, daga baya kuma daga Pakistan, inda kamfanin Millat da aka kafa a Lahore a 1964 ke ƙera samfurin 375 da 385 da ake gani ko'ina a gonakinmu. Sai na Mahindra daga Indiya, sai na Sin. Tarakta mai shekara talatin ta bi ta hannun kanikawa da yawa, kowanne ya ɗaura abin da ya samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Saboda haka sunan da ke jikin bonet ba ya tabbatar da irin agogon da ke ciki. Sai an auna.

Kafin a taɓa sufana, a fara da kallo da tambaya. A tsayar da tarakta a fili mai daidai, domin a gangare gora ƙarya yake yi ba da laifinsa ba. A tsoma sanda mai tsabta a tanki a san gaskiyar abin da ke ciki. Sannan a murɗa makulli a dubi sauran agogunan. In gejin zafi ma ya yi shiru tare da na mai, da wuya a ce duka biyun sun mutu rana ɗaya. Abin da suke tarayya a kai za a nema, wato fiyus, ko wayar makulli, ko wayar da ta haɗa dashbod da jikin ƙarfe. A tsarin falle mai ɗumi akwai ɗan akwati a bayan dashbod da ke daidaita wuta, a kayan Ingila zuwa bolt 10, domin kada tashi da saukar cajin batir su riƙa motsa allura. In ya lalace, gejin zafi da na mai sukan hau tare, ko su kwanta tare. Direba kuma yana da labarin da zai bayar: allurar kwance take kullum, ko a sama ta maƙale, ko rawa take a kan gargada, ko kuwa daidai take har sai ta sauko kwata sannan ta rikice? Kowace amsa tana nuna wata hanya.

Babban gwajin ba ya buƙatar komai sai guntuwar waya. A je saman tanki, a cire wayar da ke kan fulota, a riƙe ta a iska kada ta taɓa komai, a murɗa makulli. Wannan daidai yake da turjiya mara iyaka, don haka allura za ta tafi ƙarshen gefe ɗaya. Sai a ɗan taɓa bakin wayar a kan ƙarfe mai tsabta na jikin inji, nesa da bakin tanki. Wannan kuma turjiya ce ta sifili, allura za ta tsallaka ɗaya gefen. In ta yi wannan tafiya da dawowa, an wanke abu uku a lokaci guda: wuta tana zuwa, agogo yana da rai, waya ba ta tsinke ba. Laifin yana kan fulota ko kan hanyar komawar wutarta. Gwajin ya kuma faɗi wani abu a kyauta. In taɓa ƙarfe ya kai allura F, agogon yana cikin dangin da ƙarancin om ke nufin cika, irin 240 zuwa 33. In ya kai ta E, yana cikin dangin 10 zuwa 180 ko 0 zuwa 90. Gargaɗi ɗaya: in agogon mai falle ne, taɓawar ta zama ta ɗan lokaci, da an ga allura ta kama hanya a ɗauke. In aka bar ta a manne, siririyar wayar ɗumin ƙonewa za ta yi, a kashe agogon da aka zo dubawa.

In allura ba ta motsa ba, sai a koma bayan agogon a maimaita gwajin a kan ƙafar da wayar tanki ke shiga. Ta motsa a nan amma ta ƙi a can? Waya ce ta tsinke a tsakani, kuma a tarakta wannan ba abin mamaki ba ne: girgiza, da zafin inji, da ƙaya, da ɓeraye a rumbun da ta kwana duk rani, duk suna cin waya. Akasin haka ma yana faruwa, wayar ta goge ta manne da ƙarfe, allura ta maƙale a gefe ɗaya; ana gane wannan in an cire wayar daga bayan agogo allura ta saki. In kuwa a bayan agogon ma shiru ne, a sa ƙwan gwaji ko mita a ga ko bolt 12 na isowa in makulli yana buɗe, a kuma tabbatar ƙafar komawa tana haɗe da jiki. Wuta tana nan, komawa tana nan, allura ta ƙi motsi: a wannan lokaci ne kaɗai ake da hujjar cewa agogo ya mutu.

Haruffan da ke bayan agogo ma suna da tarko. A na Amurka, I wutar makulli ce, S ta tanki, G ta jiki. A na VDO kuwa G ita ce ta tanki, daga kalmar Jamusanci da ke nufin mai aikawa. A tsofaffin na Ingila akan ga B ta batir da T ta tanki. Mai wayarin da ya saba da iri ɗaya zai iya ɗaure G ta Jamus a jikin ƙarfe, allura ta kwanta har abada, ya rantse sabon agogon jabu ne.

Hanyar komawa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ba a gani. Wuta ba ta tafiya sai ta san za ta dawo. Daga agogo ta sauka zuwa fulota, ta ratsa faifai, ta fita ta farantin da aka ɗaure a saman tanki, ta bi sukurori ta shiga jikin tankin, daga nan zuwa ƙarfen tarakta, zuwa kan batir mai alamar ragi. Ko'ina a wannan hanya tsatsa, ko sabon fenti, ko robar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tanki don rage girgiza, na iya tsaya mata. Tankin roba kuwa ba ya ɗaukar wuta sam, dole fulotarsa ta samu waya ta biyu. Duk abin da ya tsaya a hanyar nan ƙarin turjiya ne, kuma agogo ba shi da yadda zai bambanta turjiyar tsatsa da ta faifai. A tsarin 240 zuwa 33, ƙarin yana sa allura ta nuna ƙasa da gaskiya. Abin haushi ne amma ba ya tsayar da kowa a daji. A tsarin 10 zuwa 180, ƙarin yana sa ta nuna sama da gaskiya. Tsatsar da ta kai om 40 kacal ta isa ta nuna wa direba kusan kwata alhali tankinsa a bushe yake. Gwajin mai sauƙi ne: a ja waya daga farantin fulota kai tsaye zuwa kan batir mai ragi. In allura ta gyaru, takardar yashi da guntuwar waya ne maganin, ba sai an je kasuwa ba.

Sai an wuce duk wannan ake fito da fulota. A cire kan batir mai ragi tukuna. Gas ba ya kamawa da sauri kamar fetur. Sai ya yi ɗumin da ya haura digiri 50 tururinsa ke ɗaukar wuta, alhali na fetur a shirye yake ko a cikin ƙanƙara. Amma tankin da ya wuni a ranar Sakkwato, yana karɓar mai mai zafi da ke dawowa daga inji, bai yi nisa da wannan ɗumi ba, kuma wani man bakin hanya ma ana gauraya shi da kananzir ko fetur. Babu sigari, babu ashana, babu tartsatsi a kusa. A share ƙurar da ke kewaye da farantin kafin a buɗe, a yi wa matsayinsa alama, a zaro shi a hankali kada ƙarfen ya lanƙwashe.

Ido da kunne sukan gama aikin tun kafin mita. A girgiza goran kusa da kunne. In an ji mai yana motsi a ciki, ya huje ya nutse, shi ya sa allura ke kwance. A ɗaga ƙarfen a sake shi, ya kamata ya sauka da kansa ba tare da sarƙewa ba. A duba ko akwai tabon guga a jikin goran, alamar yana karo da bangon tanki ko da farantan da ke hana mai tangaɗi. Bayan haka a juya mita zuwa om, a sa baki ɗaya a ƙafar waya, ɗaya a farantin, a ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa har sama. Lafiyayyar fulota lambobinta suna tafiya a jere, babu tsalle. In a wani wuri lamba ta ɓace ko ta yi tsalle ta dawo, faifan ya cinye a wurin.

Inda yake cinyewa ma yana da labari. Harshen yana gugar wurin da mai ya fi zama, sau dubbai a kowace huɗa. Taraktar haya a ƙauyukanmu da wuya ta ga cikakken tanki. Mai gona ne ke kawo jarka ɗaya ta lita 25, a zuba a tankin da ke cin sama da lita ɗari, a yi aiki ya ƙare, na gaba ya kawo tasa. Gora yana rayuwarsa tsakanin kwata da fanko, don haka nan ne faifan ke fara mutuwa, daidai inda direba ya fi bukatar gaskiya. Faifan kuma, duk lokacin da yake sama da mai, yana shan iska mai laima yana tsatsa. Ingancin man ma yana da hannu, domin farar wutar da ke cikin mai tana cin azurfar da ake sa wa wasu faifan. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a Satumban 2016 ya nuna yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma gas mai farar wuta da yawa. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10 kacal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Fulotar da ta kwashe shekaru a cikin wancan tsohon man, baƙin da ake gani a faifanta ba duka datti ba ne. Wani lokaci gogewa a hankali da ɗan lanƙwasa harshen ya ƙara matsewa sukan dawo da ita na wani lokaci. Wayar da ta tsinke kuwa ba ta da gyara mai ɗorewa.

Sababbin taraktoci masu allon lantarki sun ɗan bambanta. Saƙon fulota kwamfuta yake fara shiga, ita kuma tana jinkirta shi don kada allura ta yi ta rawa, saboda haka gwajin taɓa ƙarfe ba ya nuna sakamako nan take, yana ma iya tayar da alamar matsala a allo. A irinsu mita ce abin dogaro. Wasu kuma fulotarsu bututu ce a tsaye, gora mai maganaɗisu yana hawa da sauka a jikinta, yana kunna ƙananan makunnai ɗaya bayan ɗaya. Lambobin irin wannan hawa-hawa suke tafiya kamar matakala, kuma hakan ba ciwo ba ne.

Mu koma Bur Dubai, wurin ɗan kasuwar nan da saƙo ya shigo wa. A ganina, amsar da ta fi dacewa ya mayar ita ce ya ce a kira mai wayarin ya yi gwajin nan tukuna, sannan a aiko masa da abin da aka gani. In fulota ce, yana bukatar om ɗin fanko da na cike, da zurfin tanki, da tsawon ƙarfen lilo, da hoton farantin da ramukansa. Faranti mai rami biyar ya yaɗu sosai, kuma ramukan ba daidai aka raba su ba, da gangan, domin ya zauna ta fuska ɗaya kawai. Amma faranti iri ɗaya yana iya ɗaukar faifai iri huɗu. Kama da wane ba ta wane. In agogo ne, yana bukatar hoton bayansa, da faɗin raminsa, wanda galibi milimita 52 ne, da tabbacin cewa na bolt 12 ne, domin na manyan motoci bolt 24 ne kuma a ido ba su da bambanci. Hoton ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar tarakta yana taimaka wa mai shago ya duba littafinsa. In tsohuwar fulotar ta mutu har ba ta aunuwa, ko ba a san asalin agogon ba, abin da ya fi aminci shi ne a sayi agogo da fulota tare, 'yan gida ɗaya, da sabuwar robar da ke hana yoyo. Kuma a kantunan kayan lantarki da ke titin Al Fahidi da kewayensa, ƙaramar mita ba ta da tsada. In ya sa ɗaya a aljihu kafin ya hau abra, zai iya ɗaga ƙarfen fulota a gaban mai shago ya ga lambobin da idonsa kafin ya biya, sannan mitar ta bi kaya zuwa gida inda aka fi bukatarta.

Bayan an ɗaura, saura aiki ɗaya. Kafin a zura fulota a tanki, a haɗa wayoyinta a waje, a ɗaga ƙarfen da hannu a ga allura ta bi shi daga E har F ta fuskar da ta dace. Sannan a ɗaure ta, a fara da tanki kusan fanko, a riƙa zuba lita goma-goma, kowane zubi a dubi inda allura ta tsaya, a kuma yi wa sanda tsaga a daidai inda mai ya jiƙa. Tankin tarakta ba akwati ba ne. Yana da ƙugu da kafaɗa don ya zauna a kan inji, shi ya sa rabin allura ba lallai ya zama rabin lita ba. In allura ta kai E alhali akwai sauran lita goma a ƙasa, a bar ta haka. In kuwa mai ya ƙare tana kan kwata, a fito da ƙarfen a ɗan lanƙwasa shi sama kaɗan domin allura ta kai E kafin mai ya ƙare, a sake gwadawa. Sandar kuma a rataye ta a bayan kujerar direba, a naɗe a leda don kada ta kwashi ƙasa.